Kwaɗon Gwandar Madam Noi

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a gidajen Ma'adi, unguwar masu hali ta Alƙahira, akwai guda ɗaya da ta ƙi barin kaina har yau, ita ce ranar da na daka wa Madam Noi kwaɗon ɗanyar gwanda na ƙarshe. Kun sha tambayata labarin turmin ƙasar nan da ke saman kabad ɗina, wanda ba na bari a daka ko tafarnuwa a ciki, har wata mai dogon baki a cikinku ta ce wai ko na tsibbu ne. Ba na tsibbu ba ne. Tun da yau Juma'a ce babu mai zuwa aiki, kuma wasunku za su fara shiga gidajen mutane kwanan nan, bari in ba ku labarin ku huta da tsegumi.

Ni Asabe, matar ɗalibi ce na zo Alƙahira. Maigidana ya taho karatun addini daga Zariya, daga baya ya ɗauko ni, muka zauna a Hayyus Sabi' cikin ɗalibai. Bai kammala ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Na tattara na dawo nan Hadayik inda haya take da sauƙi, na fara neman abin da zan riƙe su da shi.

Ga wadda ba ta san tsarin ba, ba a ƙwanƙwasa ƙofa a Ma'adi a ce ana neman aiki. Ta hannun dillaliya ake bi, wadda Misirawa ke kira simsara. Ita ta san gidan da ke nema, ita za ta kai ki, in an samu matsala kuma ita ake kira kafin a kira ki. Tamu wata Bahaushiyar Sudan ce, Hajja kawai muke ce mata. Ita ta zaunar da ni ta karanta mini matakan gida: bawwab a bakin ƙofa, wato maigadi, sai direba, sai mai shara da goge-goge, sai mai girki, sai dada, mai kula da yara ko tsofaffi. A babban gida kowa da nasa. A ƙaramin gida duk ke ce, ban da gadi da tuƙi.

Daga nan ta ba ni dokar da ta ce ta fi duk sauran. “Kofinki daban, cokalinki daban, kujerarki tana kicin. Abin da aka girka wa masu gida, kada harshenki ya taɓa shi a gabansu, ko da sun ce miki bismilla. Yau su miƙo miki da dariya, gobe ɗan kunne ya ɓata a ce dama kwaɗayayya ce.” Ta ba ni labarin wata da ta kai aiki, uwar gida ta shigo ta tarar tana lasar ludayi, ko la'asar ba ta kai ba aka ɗaure mata kayanta. Ni kuwa dokar ba ta yi mini nauyi ba ko kaɗan. A gidanmu yarinya ba ta cin abinci a gaban babba, in an miƙo miki abu sai ki sunkuyar da kai ki ce kin ƙoshi ko da yunwa na cin hanjinki. Da tarbiyyata da dokar Hajja, sai suka haɗu suka zama abu ɗaya.

Madam Noi 'yar ƙasar Tailan ce, daga arewa maso gabashin ƙasar. 'Yar ƙaramar tsohuwa, in ta tsaya kusa da ni a kafaɗata take. Aikin jinya ya kai ta wani asibiti a ƙasashen Larabawa tun tana budurwa, a can ta haɗu da wani Bamisire ya aure ta ya kawo ta Alƙahira. Ɗansu ɗaya, Tarik, injiniya, muna kiransa Bashmuhandis kamar yadda ake kiran injiniyoyi a nan. Kafin in zo gidan mijin ya rasu, ɗan yana zaune da iyalinsa a wata unguwa, ita kaɗai ce a bene na biyu. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Larabcinta a karye, nawa a karye, amma mun fahimci juna fiye da masu digiri. Sunana ma ta gutsure shi, Sabe take ce mini.

Ranar da Hajja ta kai ni, Madam ba ta tambaye ni ko na iya girki ba. Turmin nan ta nuna mini da 'yar taɓaryarsa ta itace, ta jefa tafarnuwa da barkono, ta ce in daka. To ku kun san hannun Bazazzagiya da ta tashi a bakin turmin gero. Na ɗaga na sauke sau ɗaya, tsohuwa ta kurma ihu kamar na taka mata ƙafa. “La! La! Ba maƙiyinki ba ne! Na uwata ne, daga ƙauyenmu na rungumo shi!” Na ce a raina aiki ya tafi. Sai ga ta tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ƙarfin akwai, saura a koya masa ladabi.

Abincin gidan na kullum na Misirawa ne, wannan ban sha wahalarsa ba. Ina ni kaɗai a kicin, in ɗiga miya a tafin hannu in lasa kamar yadda uwata ta koya mini, ba mai gani. Amma akwai abu ɗaya da ba a taɓa yinsa ba sai tana zaune a gefena. Su somtam suke ce masa, ni na sa masa kwaɗon gwanda, don ban ga abin da ya raba shi da kwaɗo ba.

Ga yadda ake yi, ko wata za ta faɗa gidan mutanen can. Gwanda ɗanya shar ake nema, mai tauri, wadda cikinta fari ne ko alamar ja babu. A fere ta, a wanke farin ruwan nan mai danƙo. Ba a goga ta a magogi, Madam ta ce magogi na ragwaye ne. A tafin hannun hagu ake riƙe ta, a yi ta sassara ta da wuƙa a tsaye, saf-saf-saf, sannan a kwantar da wuƙar a yanko, sai ta zubo siri-siri, wani da kauri wani ba kauri. A jiƙa a ruwan ƙanƙara ta yi ƙaras-ƙaras. A turmi kuwa tafarnuwa da ƙananan barkono ake fara fasawa, fasawa kawai ba niƙa ba. Sai koren wake da aka kakkarya, sai busasshen jatan lande, sai sukarin giginya mai kama da mazarƙwailarmu, sai lemun tsami, sai ƙananan tumatir, sai ruwan kifi. Wannan ruwan kifin, jama'a, ranar da na fara buɗe kwalbarsa na ce daddawa ta zo ta nemi gafara, ashe tana da yaya. A ƙarshe a zuba gwandar, taɓarya a hannun dama, cokali a hagu, ana ɗan bugawa ana juyawa, don ruwan ya shige ta ba tare da ta mutu ba. A watsa soyayyar gyaɗa a kai.

Duk wannan hannuna ya haddace shi. Abin da ba a haddacewa shi ne gyaran ƙarshe, domin babu awo. Lemon yau ba shi ne na jiya ba, wani barkonon ya fi wani faɗa, wata gwandar ta fi wata ruwa. In na gama juyawa sai Madam ta karɓi cokalin da yatsunta masu lanƙwasa, ta ɗebi ruwan ƙasan turmin, ta rufe ido. Can sai ta ɗaga ɗan yatsa. “Lemo.” In matsa. Ta sake ɗanɗanawa. “Sukari, kaɗan. Kaɗan na ce, Sabe!” Haka za mu yi ta yi har ta buɗe ido ta ce “seb”, kalmar garinsu ke nan ta abu ya kai inda ake so. Ita da kanta take cewa hannun nawa ne, harshen nata.

A farkon zuwana, duk ranar da ta ce “seb” sai ta miƙo mini cokalin. “Sabe, ɗanɗana.” Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, “Na gode Madam, alhamdulillahi.” Ta yi, ta yi, har ta daina. Kuma ba zan ɓoye muku ba, raina bai taɓa biyawa ba. A wajenmu ɗanyar gwanda ba abinci ba ce. Jira ake ta nuna, in kuwa an tsinke ta ɗanya, to nama za a tausasa da ita ko a dafa wa mai shawara. Ga shi kuma faranti ɗaya ake dakawa, na mutum ɗaya, ta cinye shi tas ta suɗe ruwan da shinkafarsu mai danƙo, hanci na zuba tana murna. Bashmuhandis ma bai taɓa ci ba. Tun yana makaranta yara suka yi masa dariyar warin kifi, ya ɗauke kai daga abincin uwarsa, ya girma a kan mulukiyar kakarsa ta wajen uba, wato miyar lalon Misirawa. Haka muka yi shekaru, ni da ita da turmin nan.

Sai ciwon daji ya shigo. Aka yi ta kai ta ana ƙara mata magani ta jijiya, gashi ya zube, jiki ya zube. Da sanyi ya kama, a watan nan da Misirawa ke kira Ɗuba, wanda ruwan famfo ke yankan hannu, sai ta daina cin abinci. Romon kaza, fate, madara, duk na gwada. Ta kai baki ta kawar da kai. Tun kafin abin ya kai haka ta riga ta gaya mini abin da take tsoro. “Sabe, na yi aiki a ɗakunan nan. Da hannuna na sha zura wa tsofaffi robar abinci ta hanci. Na san yadda suke kallon rufin ɗaki. Kada ki bari a kai ni. A nan nake so, inda nake ganin bishiyar nan ta taga.” Na ce mata in sha Allah, kamar ina da iko da wani abu a gidan.

Wata safiya likita ya zo gida ya duba ta. Bayan ya fita Bashmuhandis ya kira ni baranda ya rufe ƙofa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba.

“Ya Dada, likita ya ce in ba ta fara ci da bakinta ba, dole a kwantar da ita a sa mata roba. Ba zan zauna ina kallo yunwa ta kashe uwata ba.”

“Ya Bashmuhandis, ba ta son asibiti. Ta gaya mini, ta sake gaya mini.”

“Ni ma ta gaya mini. To ki sa ta ci. Ko mene ne, ko daga ina ne. In ta ci, shi ke nan, tana gida.”

Da na koma ɗakin ashe ta ji mu, don kunnenta bai taɓa tsufa ba. Ta yafito ni, ta ce a hankali, “Somtam.” Rabon da ta nemi wani abu da bakinta har na manta. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Amma ina gwanda? A Masar ko da zafi sai an tona, balle a tsakiyar Ɗuba. Kantin da muke saya a Ma'adi, mai sayar da kayan mutanen Asiya, suka ce sai bayan sanyi. Na bi masu kayan marmari ɗaya bayan ɗaya. Wanda ma ya san ta sai ya ɗauko mini nunanniya, ruwan ɗorawa, ta yi laushi. In ce ɗanya nake so, ya dube ni ya ce, “Ya Hajja, wa ke cin ɗanya?” Da can in babu gwanda mukan yi da kokwamba ko karas, Madam ta ci tana mita. Wannan karon na san ba zancen maye gurbi.

Sai na tuna Hayyus Sabi'. Lokacin da muke can, akwai wani bene da ɗaliban Tailan suka cika, matansu suna girki a gida suna sayar wa 'yan uwansu. Washegari da hantsi na hau jirgin metro, na sauka na kama ƙaramar bas. Tun rasuwar maigidana ban taka unguwar ba. Na wuce ta gaban masallacin da aka yi masa salla, ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Na yi ta hawa bene ina sallama har aka nuna mini ƙofar wata matar ɗalibi mai suna Mariya. Da ta ji bayanina ta buɗe firij ta fito da wata gwanda a naɗe cikin takarda, kore shar, wani ya kawo musu daga gona ta wajen Isma'iliyya. Ta ƙi karɓar komai.

Na riƙe hannunta na ce, “'Yar uwa, ki taimaka ki biyo ni. Ni dakawa na iya. In bakin Madam ya gaza, ke ki ɗanɗana ki gyara mana.”

Ta girgiza kai, ta kira ni Hala, wato inna da Larabci. “Ya Hala, mu mutanen kudu ne, ita ta arewa maso gabas. Namu ya fi zaƙi, nasu ya fi tsami da gishiri da wuta. Ko a ƙauye ɗaya ma, na kowace uwa daban. In na gyara, nawa zan yi mata, kuma cokali ɗaya za ta gane. Ke da kika shekara da shekaru kina yi mata, ai ke kika san nata.”

Na rungume gwandar a cikin mayafina na sauko. A cikin bas na yi ta lallashin kaina cewa harshen Madam yana nan, ba abin da zai same shi.

Da azahar na shirya komai a tire. Ba ta iya zuwa kicin, don haka na shimfiɗa tabarma a gaban gadonta na zauna da turmin a tsakanin ƙafafuna. Bashmuhandis ya baro wajen aiki ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Da na fara sassara gwandar, saf-saf-saf, sai na ga ta juyo da kai. Da taɓarya ta fara sauka, tsohuwar da ta yi kwanaki ba ta ɗaga kanta daga matashi ba ta ce a tayar da ita zaune. Har faɗa ta yi mini. “A hankali, Sabe! Ba maƙiyinki ba ne.” Muka yi dariya mu duka, Bashmuhandis yana share ido da bayan hannu. Ƙamshin lemo da tafarnuwa ya kori warin magani daga ɗakin. A wannan lokacin na gama yarda cewa mun tsira.

Na miƙa mata cokali. Ta ɗebi ruwan, ta rufe ido. Na zuba wa yatsanta ido ina jira ya ɗaga. Bai ɗaga ba. Ta sake ɗiba, wannan karon da gwandar, ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Da ta buɗe ido ba ni take kallo ba, turmin take kallo.

“Zafi kawai nake ji,” ta ce. “Zafi da ƙarfe, kamar na tsotsi ƙusa. Babu lemo, babu sukari, babu komai.”

Maganin ya kashe mata harshe. Shi ya sa ta daina ci tun farko, ta ɓoye mana, tana sa ran wannan ɗaya zai tashe shi.

Can sai ta ja numfashi ta gyara zama, irin na ma'aikaciyar jinya da ta samo dabara. Ta ɗebo cokali guda ta miƙo mini.

“Ma'alish, ba komai. Ke kin san shi. Ki ɗanɗana, ki gyara. In kika ce shi ne, zan cinye farantin nan ko ban ji komai ba. Bakina ya manta, cikina ba zai manta ba.”

Na dubi Bashmuhandis. Ya ce, “Yalla ya Dada, don Allah.”

Na karɓa na kai baki. Tsami ya fara dukana, zaƙi ya biyo, gishirin kifi ya taso, sannan wutar barkono ta kama ni tun daga harshe har cikin kunne. Na ƙware. Tari ya sarƙe ni, hawaye ya zubo, idona ya fito. Abin takaicin, da daɗi. Ban taɓa sa abu mai rai irinsa a bakina ba. Amma ko shi ne, ko ba shi ba ne, ko lemo ya yi yawa, ko sukari ya gaza, da me zan auna? Na haɗiye da ƙyar, na daidaita fuska, na ce, “Shi ne, Madam. Tamam. Seb.”

Ta daɗe tana kallona. Matar da ta yi rayuwarta tana karanta fuskokin marasa lafiya, ni zan ruɗa?

“Sabe,” ta ce, “yau kika fara.”

Na sunkuyar da kai.

“Ko a bayan idona? Ko ɗan abin da ya maƙale a cokali in kin je wankewa? Na ɗauka kunyata kike ji, na daina takura miki. Na ce ai duk mai girki tana lasa in ba a kallonta.”

Na ce, “Madam, ba a taɓa yinsa ba sai kina zaune. Kuma abincinki ne.”

Bashmuhandis ya taho da sauri ya durƙusa, ya karɓi cokalin ya cika bakinsa. Ya tauna, fuskarsa ta yi ja, ya daure ya haɗiye. “Yana da daɗi, ya Mama. Wallahi da daɗi. Ki ci.” Ta ɗora hannu a kansa ta shafa. Shi ma ranar ya fara.

Sai ta ce, ba da ni ba, ba da shi ba, “Uwata ta koya mini a bakin wannan turmin. Ita ma uwarta. Na ɗauka na bar shi a gidan nan.”

Na matsa na riƙe ƙafarta ina kuka, na manta da duk wata doka. “Madam, ki ci haka nan. Ko cokali kaɗan. Za su tafi da ke.”

“In ci me, Sabe? Ban san abin da ke cikin farantin ba. Ke ma ba ki sani ba.” Ta zame ta kwanta ta juya fuska wajen taga. “Ma'alish. Ba laifinki ba ne. Ki tafi da shi.”

Na bar farantin a kan teburin gefen gado, ko za ta sake tunani. Har la'asar yana nan, gwandar ta saki, ta kwanta cikin ruwanta. Ni na zubar da shi.

Ba a jima ba motar asibiti ta zo. Da za a sauko da ita ba ta yi gardama ba, ba ta kuma dube ni ba, ni da na ce mata in sha Allah. Na riƙa zuwa duba ta. Na same ta da robar a hanci, an manne ta a kumatu, tana kallon rufin ɗaki daidai yadda ta kwatanta mini. Tagar ɗakin bango take kallo. Kafin sanyi ya sake gari ta rasu. Aka rufe gidan, aka raba kaya, Bashmuhandis ya sallame ni da mutunci. Ina bakin ƙofa ya biyo ni da turmin a naɗe cikin tawul. “Ki riƙe, ya Dada. Ke kaɗai kika iya shi.” Ban iya gaya masa cewa rabi na iya ba.

Daga baya na gwada. In na samu gwanda in daka, in ɗanɗana, in ƙara wannan in rage wancan, har na kai wa Mariya ta ci. Ta ce ya yi daɗi ƙwarai. Na ce, “Na Madam ne?” Ta ce, “Ya Hala, ina zan sani?” Daga ranar na wanke turmin na ɗora shi inda kuke ganinsa.

Na je na ba Hajja labarin duka, ina sa ran ko za ta ce ta yi kuskure, ko ni na yi, in samu wanda zan ɗora wa. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Allah ya ji ƙan baiwarsa. Amma Asabe, da wani gidan ne kika karɓi cokalin nan tun farko, da yanzu wa ke ciyar da 'ya'yanki?” Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Abin da na gane game da aikin nan namu shi ne, za ki shiga gidan mutum ki san inda yake ajiye maganinsa, ki san tarinsa na safe, ki wanke shi, ki juya shi a gado, ki fi ɗan cikinsa sanin jikinsa. Amma akwai layin da aka ja tun ranar farko, ke ma kin taya ja, don shi ke tsare miki tuwonki. Yawancin ranaku layin nan rufin asiri ne. Sai ranar da mutumin zai miƙo hannu yana neman wani a wancan gefen, ya tarar babu kowa. Na so a ce ina da shawarar da zan ba ku, ku masu shirin farawa. In na ce ku karɓi cokalin, wata za ta dawo mini da kayanta a leda. In na ce kada ku karɓa, ga turmi can yana kallonku.

Gidan da nake yanzu akwai wata tsohuwa Bamisiriya, uwar maigidan, ita ma Hajja ake ce mata. Ita ma hannunta ya gaza, ni nake naɗa mata ganyen inabi da shinkafa irin na garinsu, ita tana zaune tana gyara mini gishiri da lemo. Ba wanda ya iya shi a gidan sai ita. A makon da ya wuce ta ɗebo ɗaya ta miƙo mini, ta ce, “Ɗanɗana ya binti, ki san yadda yake.” Matar ɗanta, wadda ita ke ɗauka ita ke kora, tana tsaye a bakin kicin tana kallonmu. Na tuna Madam Noi, na tuna 'yata ƙarama da ba ta gama makaranta ba. Na sunkuyar da kai na ce, “Na gode ya Hajja, alhamdulillahi, na ƙoshi.”